Surukin Elhaji Mai Jan Hanci

Babu wanda ya kai Elhaji Mahamman dariya a wurin walimar nan, kuma abin da ya fi ƙona masa rai daga baya ke nan.

Mainassara ne ya haɗa walimar, don murnar sabon kamiyo, wato babbar motar kaya, da ya saya na ɗaukar raguna zuwa Maradi. Ya kafa rumfa a ƙofar gidansa bayan la'asar, ya yanka sa, ya gayyato manyan dillalan kara, kasuwar dabbobi, kaf, ya zaunar da Elhaji a kujerar gaba.

Kowa a Dakoro ya san dalilin wannan girmamawa. Mainassara ya daɗe yana neman Rahinatu, ɗiyar Elhaji, wadda ke da shagon ɗinki a bakin kasuwa. Ita kuma ta daɗe tana ce masa a'a, don akwai wanda take so. Zakiru sunansa, ɗan Birnin Lalle, wanda ya yi karatu har jami'a. Elhaji ya yarda da shi, har ya ce ya turo magabatansa bayan girbi. Abin da aka faɗa masa kawai shi ne yaron yana aiki da wani proje, wato shirin ƙungiyar agaji, na yara.

Ana cikin cin nama sai ga wani mutum ya faɗo tsakiyar fili.

Fuskarsa fara fat da fenti, hancinsa ja kamar tumatir, takalmansa sun kai tsawon kamu, rigarsa kuwa an harhaɗa ta da ƙyallaye kala-kala. Ya zo zai gaishe da manya sai ya taka bakin wandonsa ya kifa. Ya tashi ya kakkaɓe jiki, ya jawo wani rago da babu shi, ya buɗe masa baki yana duba haƙora, ya matsa bayansa yana neman kitse. Ya shiga ciniki da iska ba tare da ya furta ko kalma ɗaya ba. Ya yi fushi, ya juya zai tafi, ya dawo, ya ɗaga hannu sama yana rantsuwa. Daga ƙarshe ragon da babu shi ya tunkuye shi ta baya, ya yi adungure har gaban kujeru.

Yara suka ɓarke da ihu. Elhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Wallahi haka Jimrau ka ciniki!" ya ce, yana nuna wani dillali abokinsa, yana share hawaye da bakin rawani. "Ku dube shi, Jimrau ne sak!"

A nan Mainassara ya miƙe ya karɓi lasifika.

"Elhaji, wasan ya yi maka daɗi?"

"Ya yi, wallahi ya yi. Daga ina ka samo wanga ɗan kama?"

"Ai na gida ne."

Ya taka zuwa wurin mai wasan, wanda ya tsaya cik kamar an dasa shi. Ya sa hannu ya fizge jan hancin, zaren ya tsinke. Ya ɗauki buta ya watsa masa ruwa a fuska, fentin ya gangaro kan rigar.

"Ga surukinka nan, Elhaji. Wanga shi ne projen."

Can sai wata dariyar ta tashi daga bayan rumfa, wadda ba irin ta ɗazu ba ce.

Elhaji ya sunkuya ya ɗauki hularsa. Bai kalli kowa ba. Ya bi ta tsakanin kujeru ya fita.

*

Rahinatu tana tsakar gida tana tsintar shinkafa Elhaji ya shigo, ko sallama bai yi ba. Ƙanwarsa Gwaggo Suwaiba, wadda ta riƙe Rahinatu tun rasuwar mahaifiyarta, tana biye da shi tana haki. Ita ma tana wurin walimar, a cikin mata.

"Ke! Tashi tsaye."

Ta miƙe, faifan yana hannunta.

"Mi ne ne aikin yaron nan?"

Ta kalli Gwaggo, ta kalli ƙasa.

"Tambayar ki nike! Kin ce mini proje. Yau na ga projen da idona, shina birgima cikin ƙasa gaban ƴan kara, da hanci kamar na alade. Ni kuma na buɗe baki ina mishi dariya, kamar sakarai!"

"Baba, aiki ne. Akwai projen da zai ɗauke shi, ba ƙarya..."

"Ki ce ba ki sani ba. Ki ce ke ma ya ruɗe ki. Hwaɗi haka in ji sanyi."

Kafin ta buɗe baki Gwaggo ta tafa hannu.

"Ina za ta ce ba ta sani ba, Yaya? Ni hwa na ga atamhwata a kahwaɗar rigar nan! Wadda na kai mata ɗinkin salla, mai ganyen kuka. Na ga shaddar matar Jimrau a gwiwa. Mata sai zunɗe suke, kowa tana gane zanenta a jikin wawa. Ita ta ɗinka mishi!"

Faifan ya suɓuce, shinkafa ta watse, kaji suka taso.

"Ni na ɗinka," Rahinatu ta ce. "Da sauran ƙyallayen da ake zubarwa na ɗinka. Ban ɗauki na kowa ba."

Elhaji ya ɗaga hannu. Tunda aka haife ta bai taɓa dukanta ba, yau ma hannun a sama ya tsaya. Ya sauke shi a hankali.

"Keken da na saya miki don ki riƙe mutuncinki, da shi kika ɗinka mini rigar kunya. Gobe da wace huska zan shiga kara? In na taya rago, sai a ce ga uban matar wawa. Jikokina a ce da su ɗiyan ɗan kama."

"Baba, ba sata yake ba, ba roƙo yake ba."

"Da roƙo yake da na san sunan abin! Maroƙi ya gaji ubansa. Wanga hwa? Ya yi lakol, ya yi jami'a, ya ƙare da shahwa alli a huska!"

Ya juya ya shige ɗakinsa. Daga ciki muryarsa ta fito.

"Maganar girbi ta mutu. Kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Gwaggo ta matso ta kama ta ta zaunar, ta sassauta murya.

"Ɗiyata, kuka ba shi gyara komi. Mainassara mi ya rasa? Gida, mota, mutunci. Shi da ya tona miki asirin yaron nan ai taimakonki ya yi."

Rahinatu ta zame hannunta.

"Ba asiri ba ne a wurina, Gwaggo. Ni na auna shi da tef ɗina."

*

Washegari da hantsi Rahinatu tana shago, ta sa ƙafa a keke amma ba ta ɗinka komai ba. Mata suna wucewa suna leƙe. Wata ta shigo ta karɓe yadinta ba a ɗinka ba, ta ce ba ta son ta gan shi a jikin mahaukaci.

Bayan fitarta Zakiru ya yi sallama. Fuskarsa a wanke, idanunsa jajur. Ya ajiye wata baƙar leda a kan teburin yanka.

"Mi ke ciki?"

"Rigar ce. Na kawo miki abinki."

Ta tashi ta tura ƙyauren shagon rabi.

"Kahin mu zo kan riga, hwaɗa mini. Yaya aka yi ka je ƙohwar Mainassara? Ka rasa inda za ka yi wasa duk Dakoro sai can?"

"Wani direba ya kira ni. Ya ce suna ne a sabuwar unguwa, ana son mai ba yara dariya. Ya ce in shirya a gida, ya zo ya ɗauke ni. Sai da na sauka daga mota na ga rumhwa, na ga kamiyon, na ga Baba."

"Sai ka koma cikin motar!"

"Yara sun riga sun kewaye ni."

"Sai ka ruga! Ƙahwa gare ka!"

"Rahinatu, shi ne karo na hwarko da wani ya kira ni da kansa ya ce zo ka yi aikinka. In na ruga, wa zai ƙara kirana? Na ce fenti zai ruhe ni. Na ce in yi in gama in tahi. Kuma na ga Baba shina dariya. Tunda nike gaishe shi ban taɓa ba shi wani abu da ya yi mishi daɗi haka ba. Sai na kasa tsayawa."

Ta juya masa baya don kada ya ga hawayen da suka zubo. Haushinsa take ji, kuma tausayin da ya taso mata ya ƙara mata haushin.

Ta san hanyar da ya biyo kafin ya kai ga wannan rigar. Babu konkur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, da bai zauna ba bayan ya gama jami'a, na koyarwa, na duwan, wato kwastan, na jandarma, kullum a liƙa sunaye babu nasa. Ya koma sayar da katin waya a tashar Maradi. Wata rana ya je asibiti duba ɗiyar yayarsa da tamowa ta kwantar, yarinyar da ta daina karɓar ko ruwa. Sai ga wasu ƴan wasa daga Yamai sun shigo ɗakin da jan hanci. Yarinyar ta bi su da ido, ta yi murmushi, uwar ta samu ta ɗura mata kunu. Zakiru ya bi mutanen har masaukinsu. Su suka faɗa masa sunan sana'ar da Faransanci, kulun, suka koya masa yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba, da yadda ake magana da yaro ba da baki ba.

Da ya dawo Dakoro, lakol-lakol, makarantun boko, ya riƙa bi yana neman a bar shi ya yi wasa. Wani direktan makaranta ya ce masa ya je ya nemi magani. Wani ya bar shi tsaye a rana har aka tashi yara. Da ƙyar wata madam, shugabar wata makaranta, ta ba shi fili ranar rufe lakol, kyauta. A nan mutanen wani proje na rigakafi suka gan shi. Suka ce a ƙauyukan wajen Bader Goula yara na ganin farar mota suke shigewa cikin gero, suna son wanda zai sa su fito da kansu. Sun yi masa alkawarin kontara, wato takardar ɗaukar aiki.

"Jiya da yamma sun kira ni," ya ce. "Sun ce in shirya, tahiyar ta tabbata. Zan ce musu na hwasa."

Ta juyo.

"Ka ce mi?"

"Na bari. Zan je wurin Baba in durƙusa in ce na tuba. Zan nemi lodin raguna a kara, ko in koma katin waya. Ki ƙone rigar."

Rahinatu ta ɗauki ledar ta jefa masa a ƙirji.

"Ƙone ta da kanka, matsoraci!"

"Don ke nike yi!"

"Kada ka ɗora mini! Jiya na tsaya gaban ubana, ya ɗaga hannu zai mare ni, na ce aiki ne. Na ce ba sata kake ba. Yau mata suna kwashe yadinsu daga shagona. Duk na shanye. Sai kai ka zo ka ce mini ashe Mainassara ke da gaskiya, abin kunya ne?"

"Ban ce haka ba."

"To mi tuba ke nuhi? Mutum na tuba daga abin da ba laihi ba?" Kuka ya ci ƙarfinta, ta dafa keke. "Ka yi lodin raguna, a kamiyon wa? Na Mainassara? Kullum ka dawo gida da warin awaki da baƙin rai, ka dube ni ka tuna ni ce na raba ka da abin da ka iya? Ba ni son wannan mijin, Zakiru. Wallahi ba ni son shi."

"In ban bari ba Baba ba zai ba ni ke ba."

"In ka bari ma ba zai manta ba. Dakoro ba ta mantuwa. Gara a yi maka dariya kana cin abincinka da ita."

Ya dubi ledar da ke hannunsa.

"Zan zo gidan bayan azahar," ya ce.

"Ka zo ka hwaɗi mi?"

Ya fita da ledar a hammata.

*

Mainassara ya riga Zakiru zuwa gidan Elhaji. Ya ɗaure wani ƙaton rago balami a ƙofar gida, ya shiga zaure da babbar riga mai aiki, ya zauna kusa da Elhaji yana magana ƙasa-ƙasa. Zakiru ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Elhaji, ni don kishinka na yi," Mainassara yake cewa. "Ba zan iya gani ana cin amanar dattijo irinka in yi shiru ba."

Rahinatu tana bayan ƙyauren cikin gida tana ji. Gwaggo ta riƙe mata mayafi, ta fizge, ta shigo zauren ta durƙusa. Tunda ta girma ba ta taɓa shiga zauren nan da baƙi a ciki ba.

"Koma ciki!" Elhaji ya daka mata tsawa.

"Zan koma, Baba. Tambaya guda zan yi wa baƙonka." Ta dubi Mainassara ido cikin ido. "Tun yaushe ka san aikin Zakiru?"

"Na ɗan jima da sani."

"Ka san hanyar zauren nan. Mi ya hana ka zo ka hwaɗa wa Baba a kunne, ku biyu?"

Mainassara ya gyara zama. "Ai gani ya kori ji."

"Sai ka kahwa rumhwa. Ka tara duk wanda Baba ke ciniki da shi. Ka sa shi kujerar gaba, ka jira sai da ya yi dariya hularsa ta hwaɗi, sannan ka ɗauki lasihika." Muryarta ta tashi. "Zakiru an san shi mai wasa ne, shi ya shahwa wa kansa fenti. Baba hwa? Wa ya tambaye shi ko yana son a yi wasa da shi? Jiya mutum biyu ka sa a tsakiyar hili, Mainassara, kuma ba Zakiru mutane ke kwaikwayo yau a kara ba."



Elhaji ya juya a hankali ya dubi Mainassara. Jijiyar goshinsa ta tashi.

"Da safe na shiga kara," ya ce. "Wani yaron dillali ya jefar da hularsa ƙasa ya riƙe ciki, sauran suna dariya. Sun ɗauka ban gani ba."

"Elhaji, wallahi ba nuhina..."

"Ni sa'an ubanka ne. Da shi munka hwara kora shanu a ƙasa tun ba ka san kamiyo ba. Ka maishe ni abin kallo don ka samu mata?" Ya nuna ƙofa. "Kwance ragonka."

"Elhaji, ka saurare ni."

"Kwance shi, ko in sa a kwance shi a kora maka har gida, gari na kallo!"

Mainassara ya tashi, ya tattare rigarsa. Da ya zo wucewa ya yi wa Zakiru wani kallo, ya yi ƙwafa, ya fita. Aka ji yana jan ragon, ragon yana turjewa.

Rahinatu ta yi murna, amma murnar ba ta daɗe ba. Elhaji ya juyo kan Zakiru, fushin bai ragu ko kaɗan ba.

"Kai kuma kada ka ɗauka na kore shi don kai. Mi ya kawo ka?"

"Na zo ba da haƙuri, Baba. Na ɓoye maka aikina, ban kyauta ba."

"Za ka bar shi?"

Zakiru ya ɗago kai. Bai kalli Rahinatu ba.

"A'a, Baba. Shi na iya, kuma an ɗauke ni. Zan bi masu rigakahi ƙauyuka, in sa yara su daina gudu. Da shi zan ciyar da iyalina. In na ce maka na bari, na ƙara yi maka wata ƙaryar."

"Gaban idona kake hwaɗin haka."

"Gara gaban idonka."

Elhaji ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ja carbinsa, ya sake shi.

"Malam Zakariya'u na Birnin Lalle, ba shi ne ubanka ba? Wanda ya sayar da shanun nomansa ya kai ka jami'a?"

"Shi ne."

"Ya san da wanga aiki?"

Zakiru ya sunkuyar da kai.

Rahinatu ta juya ta dube shi. Ta jira. Kansa sai ƙara sunkuyawa yake.

"Na gani," Elhaji ya ce. "Ashe ba ni kaɗai aka ba labarin proje ba." Ya miƙe ya saɓa rawaninsa. "To ji nan. Tahi ka hwaɗa wa ubanka abin da kake yi, da bakinka, ba da fenti ba. In shi ya iya takowa zauren nan ya dube ni ya ce ya yarda, sannan in saurare shi. Ban ce na ba ka ba. Saurare na ce. Kahin nan kada in ga ƙahwarka a layin nan, ko a bakin shagonta."

Ya fita zuwa masallaci ya bar su durƙushe.

Rahinatu ce ta fara miƙewa. Hawayen sun bushe, fuskarta ta yi tauri.

"Ka ce mini ya sani."

"Na ce zan hwaɗa mishi."

"Ka ce ya sani, Zakiru! A shagona, ina auna kahwaɗarka, ka ce Malam ya sa maka albarka!"

"Ya sa mini albarka a kan aikin proje. Rahinatu, ba ki san shi ba. Tsoho ne, ga hawan jini. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce ɗansa na aikin ohis a Dakoro. In na hwaɗa mishi..."

"Ni uban nawa ƙarami ne? Shi ba shi da jini?"

Gwaggo ta leƙo daga ciki tana kiran sunanta. Rahinatu ta gyara mayafinta, ta taka har bakin ƙyaure, ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"Motar Birnin Lalle na tashi bayan la'asar," ta ce. "Ni na tsaya gaban nawa. Je ka tsaya gaban naka."

Ta shiga ta ja ƙyauren, ta sa sakata.